Waƙar da Aka Ba Litiana

Bayan guguwa ta wuce, abin da ya rage a tsaye a Vatusere bai wuce bangon coci da tankin ruwan makaranta ba. Sai bakunanmu. Su kam ko ƙwarzane ba su yi ba.

Kullum da la'asar mukan taru a ƙarƙashin tamfol ɗin agaji, a inda shagon Akanisi yake a da, a shimfiɗa tabarma a dama yangona, saiwar nan da muke dakawa mu jiƙa mu sha. Ita ma yangonar suna kawai ya rage mata. Iska ta tumɓuke gonakin, ɗan abin da aka tsira da shi kuwa tsinka shi ake yi da ruwa, har in ka karɓi ƙoƙon kana hango gindinsa. Muna tafawa dai, mu shanye, mu yamutsa fuska don kada yangonar ta ji kunya.

A makonnin nan zance ɗaya ne a bakinmu. Mawaƙi Peniasi da yaransa sun ɗauko jirgin ruwa daga Suva, babban birni, suna bin garuruwan da guguwa ta daka suna wasa kyauta. Da rana suke yi, don babu wuta, man janareto kuma ba ya kai su faɗuwar rana. Ran Asabar za su iso wurinmu.

Peniasi ba ya kiran sunan kowa. Tsofaffin waƙoƙinsa kawai yake yi, waɗanda muka yi samartaka da su. Amma tun a garin farko wani abu ya tsiro wanda ba wanda ya tsara shi. Dama in mawaƙi ya burge mu, tashi ake yi a barbaɗa masa hoda a kumatu da ka, a yafa masa yadi a kafaɗa, a ɗan rausaya a koma. To yanzu in ya ɗauko waƙa, gidan da suka ga ta dace da mamacinsu su ne ke tashi da hodar. Ba rausaya. Daga ranar waƙar ta zama ta wane, ko ta wance. Labarin wace waƙa aka ba wa yakan riga jirgin isa gari na gaba, mu kuma mu zauna mu yanke hukunci.

A wannan kotun ni ne alƙali. Sunana Sakiusa, na haura hamsin, ina da tumbi, da jita mai tsirkiya huɗu, da ilimin waƙoƙin Peniasi wanda bai taɓa ciyar da kowa ba. Wata shekara a Suva na taya shi ɗaukar lasifika daga mota zuwa dandali, ya ce mini, “Na gode, ɗan'uwa.” Tun daga nan mutanen Vatusere ke kirana abokin Peniasi, ni kuma ban ga dalilin ɓata musu rai ba.

“A Nukuvou wai ‘Fitilar Kwale-kwale’ suka ba wa tsohon nan da ya mutu a cocinsu,” in ji Akanisi, tana fifita da murfin kwali. Ba ta shan yangona, zuwa take yi don kada a yi ƙarya ba ta nan.

“Kuskure ne,” na ce. “Waƙar masunta ce. Tsohon nan tela ne, ko wankan teku ba ya yi.”

“To ai tekun ce ta bi shi har coci. Sai a bar masa.”

“In sun yi ta a nan, ta Tsoho Isikeli ce,” in ji wani daga baya. “Da igiyar jirginsa a hannu aka same shi.”

“Isikeli ya fi son ‘Kada Ki Jira Ni a Gaɓa’,” na ce. “Na sha jin yana rera ta yana ɗinkin koma.”

“Wannan ta matar fasto ce,” Akanisi ta ce. “'Yarta har ta wanke yadin.”

“Matar fasto da waƙar soyayya?”

“Kai Saki, ka san ta tana budurwa ne? Ni na san ta. Rufe mana baki.”

Haka muke yi. Muna raba wa matattu waƙoƙi kamar ana rabon shinkafar agaji, kowa na tsoron kada nasa ya tashi hannu wofi. Ana dariya, amma irin dariyar da in ta tsaya sai kowa ya sunkuya yana neman abin tsinta a tabarma.

Suna ɗaya ne ba ya shiga rabon. Litiana.

Matar Epeli ce, taubashina, ɗan kawuna. Da teku ta taso ranar guguwar, sai ta ɗauke ɗakinsu da ita a ciki. Shi an tsince shi a maƙale a reshen mangoro da karyayyen haƙarƙari. Sauran waɗanda ruwa ya ci duk an same su, wasu a gaɓa, wasu can cikin kurmi, an binne su. Ita ko zanenta ba a gani ba.

Epeli ya ce ba ta mutu ba. Ya ce a zamanin kakanni ruwa ya taɓa kwashe wani mutumin garin nan ya jefar da shi a wani tsibiri, ya dawo bayan an manta da shi, har da furfura. Ya ƙi sa baƙi. In ruwa ya janye sai ya bi duwatsun bakin teku yana tafe yana hangen nesa, in ya gaji ya dawo ya zauna cikinmu ya karɓi ƙoƙonsa.

A wurinmu kuwa mace in ta yi aure, ba danginta ke cewa ta mutu ba. Gidan mijinta ne za su tashi ɗan aike, ya ɗauki saiwar yangona, ya je ƙofar iyayenta ya zauna a ƙasa ya faɗa da baki. Kafin nan ba su da ikon shimfiɗa tabarmar makoki, ba su da ikon ɗaga murya. Gidan su Litiana a ƙetaren filin gari yake, in ka yi tari a nan suna ji. Uwarta, Inna Salanieta, tana zaune cikin tanti tana jiran wani ya tsallako ciyawar nan ya gaya mata abin da ta riga ta sani. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura, abinci sai an yi da gaske. Mata sun ce ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, kuma kukan ne ke cin ta a ciki.

Ranar da ake wannan gardamar Epeli na zaune a gefena. Taubashi ne, dole in tsokane shi. In ban yi ba zai gane tausayinsa nake ji.

“Kai kuma, mai kan gwaza, in ka mutu wacce za mu ba ka?”

“Wacce ka iya kaɗawa,” ya ce. “Ka ga sai a binne ni shiru.”

Aka kwashe da dariya. Daɗin dariyar ne ya kwashi Akanisi, bakinta ya rigaye ta.

“Litiana kam ai ba gardama, ‘Furen Bayan Kunne’ ce ta...”

Ta dafe baki da murfin kwalin. Mai dama yangona ya tsaya da hannunsa a cikin akushi.

Epeli ya ajiye ƙoƙonsa a hankali. “Tana son ta,” ya ce. “In sun yi, zan ba ta labari.”

Ya tafa, ya miƙe, ya nufi gaɓa.

Da taro ya watse, Waisale, yayan Litiana, ya ja ni bayan tankin makaranta. Mutum ne mai nauyin baki, in ya ce zai yi magana to ta kai masa maƙoshi.

“Sakiusa, kai abokin mutumin nan ne.”

Na gyara murya. “To, ba a rasa ba dai.”

“Ka ce ya yi ‘Furen Bayan Kunne’. Da ita suka yi rawa ranar aurensu, gari duka ya gani. In ta tashi a gaban jama'a, Epeli ba zai iya zama ba. In ya miƙe, Inna ta bi bayansa, shi ke nan. Ba za ta kai wani watan a haka ba.”

“Ka yi masa magana kai da kanka mana.”

“In ce masa me? Ya aiko a ce mini ƙanwata ta mutu? Bakina ba zai iya roƙon wannan ba.”

Na ce ya bar komai a hannuna. Ina jin daɗin faɗin wannan maganar, ita ce kaɗai sana'ar da na ƙware a kai.

Ran Asabar jirgin ya tsaya can nesa da duwatsu, aka ɗebo su a kwale-kwale. Peniasi ya tsufa fiye da hotonsa. Gashinsa baƙi wuluk irin na kwalba, fuskarsa kuwa ta nuna teku ba ta yi masa adalci ba a hanya. Da aka gama tarbar baƙi, na same shi a bayan bangon coci yana ɗaure tsirkiyar jita.

“Maigida Peniasi, Sakiusa ne. Suva. Lasifika.”

Ya dube ni da irin kallon da ake yi wa kifin da ba a san sunansa ba. “A'a, ɗan'uwa! Yaya iyali?”

Ashe kowa ɗan'uwa ne.

Na kwashe labarin na gaya masa. In ba shi haƙƙinsa, ya saurara da gaske, har ya ajiye jitar. Sannan ya girgiza kai.

“Wannan waƙar ai mace ke ɗauke da ita. Unaisi ke yi, ni amshi kawai nake. Ita kuma ba ta zo ba, tana can garinsu tana neman rufin ɗakin uwarta a gonakin mutane. In na ce zan hau wannan muryar, sai dai ku binne ni tare da naku.” Ya dafa kafaɗata. “Ni fa ba na zaɓar wa kowa, ɗan'uwa. Abin da maƙogwarona zai iya nake yi. Mutane ne ke tasowa.”

Rabin rayuwata ina fassara wa jama'a hikimar zaɓin waƙoƙin mutumin nan, ashe maƙogwaro ne.

Da na fito, Waisale ya riga ya ɗauko Inna Salanieta a kujerar roba ya ajiye ta a gaba-gaba. A cinyarta akwai gwangwanin hoda da yadi a naɗe, ta dafe su da hannu biyu. An taje mata kai.

“Yaya?” in ji Waisale.

Na dubi tsohuwar, na dubi tajajjen kan.

“Ya ce zai duba,” na ce.

Rana ta buɗe, itatuwa kuwa ba ganye, ba inuwar da za a raɓa. Gari duka ya zauna a ciyawa cikin baƙaƙen kaya. Epeli kaɗai ne da riga mai furanni, a can gefe, ya rungume gwiwoyinsa. Aka ja janareto, ya yi tari, ya kama.

Da ‘Fitilar Kwale-kwale’ aka buɗe. 'Ya'yan Isikeli suka miƙe a jere, ƙarti majiya ƙarfi, kowa na riƙe da hoda kamar zai fasa gwangwanin. Akanisi ta zungure ni da gwiwar hannu.

“Alƙali, an karya hukuncinka.”

“Zan ɗaukaka ƙara,” na ce.

Da ya ɗauko ‘Kada Ki Jira Ni a Gaɓa’, 'yar fasto ta miƙe, sai kuma ga wata mata ta miƙe daga ɗaya gefen, wadda bango ya faɗa wa mijinta. Suka tsaya suna kallon juna. 'Yar faston ta miƙa mata hannu, suka tafi tare.

“Raba daidai,” Akanisi ta raɗa mini. “Matar fasto da wannan mashayin a waƙa ɗaya. Allah ya jiƙan su.”

Haka aka yi ta yi. Peniasi ya koma fari fat tun daga gashi har wuya, gumi na tsaga hanya a kumatunsa, yadi ya taru masa a kafaɗa har da ƙyar yake ɗaga hannu. Duk sanda aka fara kiɗan wata waƙa, Inna Salanieta takan ɗago kai ta kasa kunne, sannan ta mayar da shi. Waisale ya juyo ya dube ni. Ni kuma in duƙufa nazarin sararin sama.

Can janareto ya fara shaƙewa. Peniasi ya share ido da bayan hannu ya ce, “Jama'ar Vatusere, mai ya kusa ƙarewa. Ɗaya ta rage. Mun yi kuka ya isa, bari mu rabu haƙora a waje.”

Mai ganga ya saki hannu. Tun kafin a buɗe baki na gane ta. ‘Aladen Kawu Ya Shiga Rogo’. Waƙar shashanci ce da ake rufe biki da ita in kowa ya yi tatul, amshinta ma gurnanin alade ne. Yara suka yi tsalle suka miƙe, suna toshe hanci suna gurnani. Ban dubi Waisale ba, amma na ji idonsa a ƙeyata.

Sai Inna Salanieta ta dafa hannun kujera.

Waisale ya sunkuya yana yi mata magana, ta ture hannunsa. Ta miƙe a kan kumburarrun ƙafafun nan, ta rungume hodarta da yadinta, ta fara takawa. Ba nisa, amma ta daɗe a hanya. Yara suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har gurnanin ya rage a bakin mai ganga kaɗai, shi ma ya haɗiye shi. Ta isa gaban Peniasi. Ya sunkuyo mata da kai, ta zazzage masa hodar, ta ɗora yadinta a kan na sauran.

Ba ta juyo ba. Ta tsaya a nan ta buɗe baki.

“Litiana! Wayyo 'yata! Litiana!”

Ban taɓa jin murya irin wannan ba, kuma na halarci jana'iza da yawa a watan nan. Mata suka fara motsi a inda suke zaune, suna cizon gefen zane, amma ba wadda ta iya kama mata. Ba a aiko ba. Kukan da ba a ba da izininsa ba ne, tsohuwa ita kaɗai a tsaye a gaban gari tana yin sa. Peniasi ya rasa yadda zai yi. In ya tsaya, ya bar ta a fili. Sai ya rage gudun kiɗan, ya sassauta murya, ya ci gaba da ba da labarin yadda alade ya fasa shinge ya tone rogo, a hankali, kamar waƙar coci.

Ba wanda ya dubi Epeli. Gari duka ya taru yana rashin dubansa, har wuyanmu ya ƙage.

Na ga furannin rigar sun wuce ta gefena. Yana tafe yana dafe da haƙarƙarinsa. Bai zo da hoda ba, bai zo da yadi ba. Ya karɓi gwangwanin daga hannun surukarsa, ya bubbuga shi a tafinsa, ɗan abin da ya fito ya shafa wa Peniasi a kumatu. Sannan ya zauna a ƙasa, dab da ƙafafunta, ya sunkuyar da kai.

Filin ya ɓarke. Mata suka saki abin da suka daɗe suna riƙewa, Waisale ya kifa fuska a kujerar da uwarsa ta tashi. Ban san sanda janareto ya mutu ba.

Jirgin bai gama ɓacewa ba kotu ta zauna a ƙarƙashin tamfol.

“Peniasi ya san abin da yake yi,” in ji babban ɗan Isikeli. “Wa ya kai Litiana kiwon aladu a garin nan?”

“Ba ma wannan ba,” in ji Akanisi, idanunta jajur. “Mace ce mai raha. In ya ba ta waƙar kuka ai ya cuce ta. Ya ajiye ta har ƙarshe ne don ta rufe taro.”

“Ka lura ya rage gudun kiɗan? An shirya abin nan.”

“Saki ne. An gan su a bayan coci suna ƙus-ƙus.”

Duk suka juyo suna kallona da girmamawar da na daɗe ina nema. Aka miƙo mini ƙoƙon farko. Na tafa, na shanye, na ce basira ce irin tasa, ba kowa zai gane ba. Waisale yana zaune a bakin tabarma, shi kam bai sha ba.

Washegari da safe ina wanke fuska a bakin tanti, sai ga Epeli. Ya sa baƙar riga, ta aro ce, ta yi masa yawa a kafaɗa. Yana riƙe da saiwar yangona a naɗe cikin ganyen da ya bushe.

“Mai tumbi, shiga ka ɗaura zanen kirki.”

“Ni?”

“To wa zan aika? Duk manyan gidanmu suna ƙasa. Kai ka rage.” Ya miƙo mini. “Ka san abin da ake cewa, ko shi ma sai an kaɗa maka?”

“Na sani.”

Na shiga na sake zane na fito. Yana nan tsaye, ya juya wa teku baya. Na ɗauka ya gama, har na ɗaga ƙafa.

“Ta tsani waƙar nan, Saki.”

Na tsaya.

“In aka sa ta a rediyo, tashi take yi ta kashe. Ta ce waƙar mutanen banza ce.” Ya yi wani ɗan sauti a hanci, ban san ko dariya ba ce. “Yanzu ta zama tata har abada. Kada ka gaya wa Inna.”

Na tsallaka filin. Mutane suna ta fitowa daga tantuna suna tsayawa, ba mai gaishe ni. A ƙofar gidan su Litiana an riga an jingine tabarmi a naɗe, ba a shimfiɗa ba. Waisale ya ɗaga mini labulen tantin.

Na zauna a ƙasa, na tafa, na ajiye saiwar a gabanta. Inna Salanieta ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya, ta ba ni hankalinta duka kamar mai jiran sabon labari. Na gaya mata 'yarta ta mutu.